Baje kolin 'yan besbol da na biya wa ɗana: abin da kuɗin ya saya da abin da bai saya ba

Duk mai ɗa da ke buga besbol a makarantar sakandare a nan Amurka, ko ba daɗe ko ba jima saƙon nan zai shigo masa waya: kamfani kaza zai shirya baje kolin 'yan wasa a ƙarshen mako, a biya kuɗin rajista, masu farautar 'yan wasa za su hallara su ga yaro. Ni ma ya shigo mini, na biya, na kai ɗana, kuma tun da muka dawo iyaye a masallacinmu na Bronx, a birnin New York, suke tare ni da tambaya ko abin ya ci kuɗinsa. Amsata ita ce ya ci, amma sau ɗaya, kuma sai in mutum ya san abin da ya je saya. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai inda zan yaba musu, akwai inda zan koka, kuma irinsu suna da yawa, kusan tsari ɗaya suke bi.

Ɗana shekararsa 16. Cikin yaran Dominika ya tashi, waɗanda wasan nan yake a jininsu, a filin Heritage da ke tsallaken titi da filin Yankees ya koyi riƙe sanda. Yana tsaron tsakanin zango na biyu da na uku (zango su ne wuraren da mai bugu ke takawa ɗaya bayan ɗaya in yana zagaya fili), wurin da ƙwallo ta fi yawan biyowa ta ƙasa da ƙarfi. Ni ƙwallon ƙafa na sani daga gida, wannan wasan a bakin fili na koye shi, a tsaye tare da sauran iyaye.

Dala 450 na biya, ban da man mota da kuɗin gada, domin a filin wata kwaleji a jihar New Jersey aka yi taron, Asabar da Lahadi. Ta fuskar tsari ba ni da abin cewa. An ba kowane yaro riga mai lamba a baya, an raba wa masu kallo takarda ɗauke da lamba da suna da shekarar gama makaranta da tsawo da nauyi, kuma duk abin da aka ce za a fara da ƙarfe kaza, a lokacin aka fara shi. Filin a gyare yake, akwai ruwan sha, akwai mai duba rauni a zaune. Wurin salla ne babu, a bayan mota muka shimfiɗa darduma, abincin da ake sayarwa kuma ban yarda da namansa ba, don haka wanda zai je ya tafi da guzurinsa.

Da gudu aka fara. Yadi 60 ake aunawa, kusan mita 55 ke nan, yara biyu biyu, da na'ura mai haske a farko da ƙarshe, ba da agogon hannu ba, kuma wannan ya burge ni domin babu maganar an danna da wuri ko an makara. Abin da kowa a wurin ya sani shi ne sakan 7 ita ce iyaka. Wanda ya yi ƙasa da haka za a ɗaga kai a dube shi, wanda ya sauko wajen 6.6 ko 6.5 za ka ga alƙaluma sun fara aiki. Ɗana ya yi 6.98. Sai dai a wasa na gaske babu inda ake gudun yadi 60 a miƙe. Tsakanin zango da zango ƙafa 90 ne kacal, shi ya sa mafarautan ke auna wani gudun da agogonsu a lokacin wasa, daga sanda ta taɓa ƙwallo zuwa ƙafa ta taka zango na farko. Ga mai bugu ta dama, sakan 4.3 ne matsakaici a MLB, babbar gasar ƙwararru, ga bahago 4.2, domin shi tsayuwarsa ta fi kusa da zangon. Kamfanin bai sa wannan a rahotonsa ba, kuma ina ganin ya kamata ya sa.

Daga nan aka koma jifa. A buga wa yaro ƙwallo ta ƙasa, ya ɗauka ya wurga zango na farko, wani na tsaye da na'urar auna gudun ƙwallo yana kiran lamba da ƙarfi kowa na ji. A nan na fara ganin illar tsarin. Da yake lambar ce za ta shiga rahoto, yara da yawa suka bar jifan wasa suka koma jifan na'ura: a taho da gudu, a yi tsalle, a saki hannu iya ƙarfi, ƙwallo ta wuce saman kan mai cafewa ta daki waya. Lamba ta yi kyau, amma da a wasa ne an ba abokan hamayya zango biyu kyauta. Na lura dattawan da ke zaune da littattafai a cinya ba na'urar suke kallo ba. Ƙafafu suke kallo, yadda yaro ke zagayo ƙwallo ya tare ta, taushin hannunsa, saurin cire ta daga safar hannu, da ko jifan yana tafiya a miƙe har ya isa ko kuwa yana mutuwa a hanya. Masu tsugunawa su cafe a bayan mai bugu su ma an auna su, daga ƙwallo ta faɗa safarsu zuwa ta isa zango na biyu, inda sakan 2 daidai ne matsakaicin ƙwararru. Su ma da yawa sun riƙa miƙewa tun ƙwallo ba ta iso ba don su rage lokaci, kuma ba wanda ya tsawata musu.

Masu wannan sana'a abubuwa biyar suke ba ɗan wasa maki a kansu: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, ƙarfin hannu a jifa, da iya tsaron fili. Makin daga 20 ne zuwa 80, tsarin da ake dangantawa da Branch Rickey, mutumin da ya kawo Jackie Robinson ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn a 1947. Maki 50 ba yana nufin yaro matsakaici a unguwarsu ba, yana nufin matsakaici a cikin 'yan babbar gasa, mutanen da ake biya miliyoyi. Saboda haka yaron sakandare da aka rubuta wa 35 ko 40 ba zaginsa aka yi ba. Kuma lamba biyu ake rubutawa, inda yake yau da inda ake hasashen zai kai in ya gama girma. Cikin biyar ɗin, gudu da hannu da ƙarfin bugu ana iya auna su a wuni guda. Iya bugu shi ne ba ya aunuwa haka, kuma shi ne ƙungiyoyi suka fi zuba kuɗi a kai.

Ga yadda kamfanin ya gwada shi. Da farko aka ɗora ƙwallo a kan turke, yaro ya daka, na'ura ta faɗi gudun fitarta. Ɗana ya kai mil 87 a awa. Don a gane ma'aunin, na'urorin Statcast da aka kafa a dukkan filayen MLB 30 tun 2015 suna lissafa bugu mai ƙarfi ne daga mil 95 zuwa sama. Bayan haka wani koci ya tsaya a bayan raga yana lallaɓo musu ƙwallo a hankali, kowa bugu takwas ko goma. A irin wannan kowane yaro gwani ne. Akwai wani ƙato da ya fitar da ƙwallo bayan katanga a jere har iyaye suka yi ta tafi. Washegari a wasan gwaji, da aka haɗa shi da mai jifa mai lanƙwasa ƙwallo, iska ya yi ta duka har ya koma benci. Tsakanin mai jifa da mai bugu ƙafa 60 ne da inci 6, ƙwallo mai gudun mil 90 ba ta cika rabin sakan ba take isowa. A cikin wannan ƙiftawar ido mai bugu zai gane miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa, za ta shiga inda ake so ko za ta kauce, sannan ya yanke shawarar bugawa ko ƙyalewa. Wannan ido da wannan haƙuri su ne abin da ake nema, kuma ba a ganinsu a tsayuwa uku ko huɗu da kowane yaro ya samu ranar Lahadi. Mafarauci na gaske sai ya bi yaro wasa bayan wasa, ya gan shi da sandar katako irin ta ƙwararru ba ta ƙarfe da ake bugawa da ita a yawancin makarantu ba, ya gan shi ranar da abin ya ƙi, kafin ya sa hannu a kan maki. Ko da hakan ma suna kuskurewa. Mike Trout ɗan Millville ne, a wannan jihar da muka je, kuma sai a na 25 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2009, ga shi ya zama gwarzon gasarsu har sau uku. Albert Pujols a zagaye na 13 aka ɗauke shi a 1999, na 402 a jeri, ya yi ritaya da fitar da ƙwallo bayan katanga sau 703. In masu bin yaro shekara guda za su iya ganin waɗannan su wuce, babu kamfanin da zai gaya mini ya gama sanin bugun ɗana a kwana biyu.

Abin da ya fi kowane abu daraja a tafiyar ba ya cikin abin da na biya. Wani dattijo ne baƙar fata, sanye da hular rana, wanda ya ce mini ya yi shekaru yana yi wa wata ƙungiya farauta a yankin arewa maso gabas. Na gaishe shi lokacin hutu, na nuna masa lambar ɗana, na roƙe shi ya gaya mini gaskiya. Kafin ya ce komai sai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambayi tsawona, ya tambayi na mahaifiyar yaron, ya tambayi watan da aka haife shi. Ya ce ba yaron da ke gabansa yake saya ba, mutumin da zai zama a shekara 22 yake saya, don haka faɗin kafaɗa da tsawon ƙafa da girman iyaye duk suna cikin lissafi, kuma ɗan 16 siriri da ke da sauran wurin cika ya fi masa ɗan 18 da ya gama murɗewa, ko da lambobinsu ɗaya ne yau. Game da ɗana ya ce hannuwansa suna da taushi, ƙafafunsa suna da kyau, jifansa bai isa riƙe wurin da yake tsaro ba tukuna, kuma yana saurin kai sanda ga duk ƙwallon da ta lanƙwasa ta yi waje. Ya ce a yanzu maganar kwaleji ya kamata mu yi, ba maganar ƙwararru ba. Maganar ta yi mini nauyi, amma na gode masa har zuciya, domin duk wunin shi kaɗai ne ya yi mini magana ba yana neman sayar mini da wani abu ba.

Na kawo masa Jose Altuve, wanda duk gajeren yaro a Bronx ya haddace labarinsa: ƙafa 5 da inci 6, an sallame shi daga gwajin ƙungiyar Astros a Venezuela, ya sake dawowa, aka ɗauke shi a kan dala 15,000 a 2007, ya zama gwarzon gasa a 2017. Dattijon ya ce haka ne, amma in lura da abin da ya cece shi, bugu ne. Gajere sai ya nuna zai iya, dogo kuwa sai ya nuna ba zai iya ba kafin a haƙura da shi.

Sai ya ƙara da wani abu da ban taɓa ji daga bakin kowane koci ba. Ya ce shi tun kafin a fara wasa yake zuwa fili, ya ga wa ya fara isowa, wa yake ɗumama jiki da gaske, wa yake wasa da waya. In yaro ya buga ƙwallon da kowa ya san za a cafe, yana duba ko zai ruga zango na farko da iya ƙarfinsa ko zai ja ƙafa. In ya yi kuskure, yana duba fuskarsa a ƙwallo ta gaba, da yadda yake yi wa alƙalin wasa, da yadda yake amsa wa uwarsa in ta miƙo masa ruwa. Idan ƙungiya ta fara son yaro da gaske, har gida ake zuwa a zauna da iyaye, a tambayi malamai, a tambayi tsofaffin kocinsa, kamar dai binciken da muke yi kafin a ba da aure. Dalilinsa a fili yake. A wasan nan wanda ya dace sau uku cikin goma tauraro ne, ga kakar babbar gasa wasa 162, ga shekarun ƙananan ƙungiyoyi a motar bas daga gari zuwa gari nesa da gida. Yaron da faɗuwa ke karya wa zuciya ba zai kai ba, ko da yana gudun yadi 60 a sakan 6.4. Wannan ɓangaren ya kwantar mini da hankali, domin shi ne kaɗai wanda mu iyaye muke da hannu a ciki ba tare da mun biya kowa ba.

Inda raina ya ɓaci da kamfanin shi ne wajen masu jifa. Ɗana ba ya cikinsu, amma ɗan maƙwabcinmu da muka tafi tare yana ciki. Yau matsakaicin miƙaƙƙen jifa a MLB ya kai wajen mil 94 a awa, fiye da kilomita 150, kuma kowane yaro ya san mil 90 ce ƙofar da ake so a taka tun a sakandare. To ga allo an kafa yana nuna gudun kowane jifa, ga iyaye na ɗauka da waya. Yara suka riƙa jifa kamar hannun zai cire. Babu ma'aikacin da ya tambayi yaro yaushe rabonsa da jifa a wasa, ko nawa ya jefa a makon. Yaron maƙwabcin namu ya jefa wa ƙungiyarsa ranar Alhamis, aka sa shi ya sake ranar Asabar. Alhali akwai ƙa'idar Pitch Smart da MLB da hukumar besbol ta Amurka suka fitar, wadda ta ce ɗan shekara 15 zuwa 16 kada ya wuce jifa 95 a rana, kuma in ya kai 76 ya huta kwana huɗu. In jifa ya yi yawa, jijiyar gwiwar hannu ce ke tsinkewa, a yi tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, wanda likita Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, kuma jinyarta ta kan ci shekara ko fiye. Tiyatar da ta fara a kan ƙwararre yanzu ana yi wa 'yan sakandare. Kamfanin da ya iya tambayar lambar katin bankina zai iya ƙara layi ɗaya a fom ya tambayi ranar da yaro ya yi jifa na ƙarshe. Dattijon nan ma ya ce gudun ƙwallo shi ne ke sa a tsaya a duba yaro, amma abin da ke sa a ɗauke shi ya haɗa da iya ajiye ƙwallo inda yake so, da jifa na biyu mai lanƙwasa ko mai rage gudu, da motsin jiki mai sauƙi wanda zai iya maimaitawa sau ɗari ba tare da ya ji wa kansa ba.

Sai maganar da aka yi talla da ita, wato masu farauta za su hallara. Sun zo, amma yawancinsu mataimakan koci ne na ƙananan kwalejoji, kuma wani daga cikinsu ya gaya mini da bakinsa biyansu ake yi su zo su taya gudanar da gwajin. Na ƙungiyoyin ƙwararru ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma da sunayen yaran da suka zo gani a aljihunsu. Wannan ba laifi ba ne, kwaleji hanya ce mai kyau, ita ce ma hanyar yawancin waɗanda ake ɗauka. Laifin shi ne barin iyaye su zaci wani abu dabam. Ƙofar ta ƙara ƙunci a 'yan shekarun nan. Zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk watan Yuli zagaye 20 ne tun 2021, alhali kafin 2020 zagaye 40 ne, wato yanzu mutum 600 da 'yan kai ake ɗauka a shekara daga dukkan sakandare da kwalejojin Amurka da Kanada da Puerto Rico. A wannan shekarar ta 2021 aka rage ƙananan ƙungiyoyin da ke renon 'yan wasa zuwa 120. Mike Piazza, wanda Dodgers suka ɗauka a zagaye na 62 a 1988 har ya shiga zauren gwaraza, da yau ne ba za a kai ga sunansa ba.

Wani ɗan'uwa a gida ya tambaye ni ko ya turo ɗansa irin wannan taron. Yaron da ba mazaunin Amurka ko Kanada ko Puerto Rico ba, ba ta zaɓen Yuli yake shiga ba. Ƙungiya ce ke ƙulla yarjejeniya da shi kai tsaye daga shekara 16, a kakar da ake buɗewa ranar 15 ga Janairu, kuma yawancin kuɗin Dominika da Venezuela yake tafiya. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu shi ne haifaffen Afirka na farko da ya buga babbar gasa, da ƙungiyar Pirates a 2017. Kuɗin jirgi don gwajin kwana biyu a New Jersey ba zai buɗe wannan hanyar ba.

Rahoton ya iso bayan kusan mako biyu. Lambobin suna nan daidai yadda na ji an kira su, da bidiyo gajere mai kyau wanda za mu iya tura wa kocin kwaleji, kuma wannan shi ne ainihin abin da dala 450 ta saya, lambobin da wani ya auna ba uba ba. Bayanin da aka rubuta a ƙasa kuwa layi uku ne na yabo, da na gwada da na ɗan maƙwabcinmu da na wani yaro sai na ga kusan kalmomi ɗaya ne. Babu maganar ƙwallo mai lanƙwasa da dattijon ya gano cikin tsayuwa biyu. Bayan rahoton sai kiraye-kiraye suka biyo: an zaɓi ɗanka zuwa taro na gaba a Florida, ga tsarin wata-wata na tallata shi ga kwalejoji, ga ragi in an biya kafin Juma'a. Da na tambaya a masallaci, duk wanda ya je an zaɓi ɗansa. A mota ɗana ya ce, “Baba, in ba mu je Florida ba za su manta da ni.” Na ce masa wanda ya kamata ya tuna da shi ya riga ya gaya mana abin da za mu gyara, kuma ba a Florida ake gyara shi ba.

Wanda ɗansa bai kai 15 ba, ya riƙe kuɗinsa, domin lambobin suna zama a shafin yaro a intanet, kuma lambar da aka auna tun jiki bai nuna ba ba ta taimaka masa. Wanda ɗansa ke aji biyun ƙarshe, ya fara auna gudunsa da jifansa wajen kocin makaranta, in sun kusa abin da na lissafa a sama, ya biya sau ɗaya, ya kai shi a huce ba bayan wasa ba, kuma ya nemi mutum ɗaya mai furfura a bayan raga ya gaishe shi. Wanda kuɗin ya yi wa yawa ya nemi shirin RBI, wanda John Young, shi ma tsohon mafarauci, ya kafa a Los Angeles a 1989 don yaran unguwannin marasa ƙarfi, yanzu yana ƙarƙashin MLB kuma akwai shi a nan New York. Mu dai kuɗin Florida mun mayar da shi hayar ragar atisaye ta cikin ɗaki a lokacin sanyi, wadda injinta ke jefa mai lanƙwasa, da sandar katako guda biyu, kuma kocin makarantarsu ya ba shi jadawalin jifan nesa don ƙarfafa hannu kafin kakar bazara.